Renon Ƙwayoyin Ƙasa a Gida: Nasiha ga Matasa Masu Lambu da Gona

A cikin ƙasar noma akwai halittu masu rai waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin bincike, kuma mafi yawansu su ne ƙwayoyin da masana ke kira bakteriya. Giram ɗaya na ƙasa mai albarka, abin da bai ma cika cokalin shayi ba, yakan ƙunshi ɗaruruwan miliyoyinsu, wani lokaci har biliyan. Da yake a asibiti aka fi jin sunansu, mutane da yawa sun ɗauka duk ƙwayar bakteriya cuta ce, alhali masu cutarwa su ne 'yan tsiraru. Sauran kuwa aikinsu shi ne ruɓar da ganye da kara da kashin dabbobi, su mayar da su abincin da saiwar shuka za ta iya sha. Wasu suna narkar da sinadarin fosfaras da ya maƙale a ƙasa. Wasu suna mamaye jikin saiwa har mai kawo cuta ya rasa wurin zama. Wasu kuma suna fitar da wani abu mai danƙo da ke haɗa ƙwayoyin yashi wuri ɗaya, shi ya sa ƙasar da ta sha taki take riƙe ruwa fiye da jigawa tsura. Hatta ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka bayan bazara, wani jinsi ne mai suna Streptomyces ke samar da shi, kuma daga jinsin ne aka samo maganin tarin fuka na farko a Amurka a 1943.

Sanin aikinsu a gona ya soma ne a Turai a ƙarshen ƙarni na 19. A 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun naitirojin daga iska ta hanyar 'yan gudajin da ke jikin saiwarsu, kuma a 1888 Martinus Beijerinck, mutumin Holan, ya ware ƙwayar da ke zaune cikin gudajin ya rene ta ita kaɗai. Ita ce ake kira Rhizobium. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma gero da dawa da masara ba su da hanyar amfana da ita kai tsaye. Sai ƙwayar ta sarrafa ta tukuna. Manomin ƙasar Hausa da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya, ko ya bar gawo tsaye a tsakiyar gona, ya daɗe yana cin wannan gajiya ba tare da ya san sunan mai yi masa aikin ba.

Dabarar renon ƙwayoyin a gida da ta yaɗu a intanet, wadda matasa ke gani a bidiyo, daga gabashin Asiya ta fito. Cho Han-kyu, wani manomi ɗan Koriya ta Kudu, ya tsara hanyar noma tun shekarun 1960 wadda ta dogara ga kamo ƙwayoyin da ke zaune a dajin yankin manomi. A Japan kuma Farfesa Teruo Higa na Jami'ar Ryukyus da ke Okinawa ya fito da wani haɗin ƙwayoyi a farkon shekarun 1980, wanda ake sayarwa a kwalba da sunan EM. Kayan da hanyar Cho ke bukata duk akwai su a kasuwar ƙauye: shinkafa, madara, dusa da sukari mai duhu, wanda mazarƙwaila ke maye gurbinsa sarai.

Kafin matashi ya kashe ko sisi, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna masa a rai, domin shi ne masu bidiyo suka fi tsallakewa. Ruwan ƙwayoyin nan ba taki ba ne. Abincin shuka da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Misalinsa misalin ɗan ragowar tsohon nonon da Bafillatana ke zubawa cikin sabuwar madara ta kwana ta zama kindirmo: idan ƙwaryar babu madara, ko an juye mata tsohon nono ludayi goma babu abin da zai kwanta. Ƙasar da aka kwashe mata kara da harawa ƙaf, aka ƙone sauran, aka bar ta tsirara rana na dukanta, ba ta da abin da za ta ciyar da ƙwayoyin. A bazara saman irin wannan ƙasa yakan wuce digiri 50 da tsakar rana, kuma abin da aka yi mako biyu ana reno zai iya mutuwa a yini ɗaya. Saboda haka aikin farko shi ne tara taki: kashin shanu da na awaki, sharar gida mai ruɓewa, ƙaiƙayi, busasshen ganye. Manoman kewayen Kano sun shekara ɗaruruwa suna noma gona ɗaya ba hutu da irin wannan taki, wanda ake kaiwa gona a mangala bisa jakuna. Renon ƙwayoyi ƙari ne a kan wannan, ba madadinsa ba.

Mafi sauƙin reno su ne ƙwayoyin tsami, dangin Lactobacillus, waɗanda su ne ke tsamar da nono da kamu da ƙullun koko. Ana wanke shinkafa da ruwa mai tsabta, a tace ruwan wankin farko mai fari-fari, a zuba a kwalba mai faɗin baki kada ya wuce rabinta. A rufe bakin da ƙyalle ko takarda a ɗaure da zare, ba da murfi ba, domin iska ta riƙa shiga. A ajiye a ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Cikin kwana 3 zuwa 5 ruwan zai rabu: wani ɗan fata-fata a sama, laka-laka a ƙasa, ruwa a tsakiya, da ɗan warin tsami irin na gasara. Na tsakiyar ake so. A lokacin zafi yakan kai wannan matsayi da wuri, da hunturu kuma yakan ja lokaci, don haka hanci ya fi kalanda amfani a nan.

Daga nan sai a auna ruwan tsakiyar kashi 1, madara kashi 10, a haɗa a wata kwalbar, a sake rufewa da ƙyalle. Hikimar madarar ita ce zaɓe. Ruwan shinkafa ya tara ƙwayoyi iri-iri, nagari da na banza, amma sukarin da ke cikin madara ƙwayoyin tsami ne suka fi iya cinsa, kuma tsamin da suke fitarwa yana danne sauran. Bayan wasu kwana 3 zuwa 5 madarar za ta tsinke, farin daskararre ya taso sama, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya zauna a ƙasa. A kwashe daskararren a binne shi cikin tulin taki, a tace ruwan da ƙyalle mai tsabta. Wannan ruwa shi ne abin da ake nema. Wanda yake da firji zai iya ajiye shi haka. Wanda ba shi da shi, ko wutar ba ta da tabbas, sai ya narka mazarƙwaila mai nauyi daidai da nauyin ruwan ya gauraya. Yawan sukarin yana janye ruwa daga jikin ƙwayoyin su kwanta kamar masu barci, sai ranar da aka tsarma su su farka. Kada a ɗaure murfin tam, domin iskar da ke taruwa a ciki takan kumbura jarka, ta ma fasa kwalba.

A gidan da ake yin kindirmo ana iya taƙaita hanyar gaba ɗaya, tun da ruwan da ke tsatsowa daga nono mai tsami cike yake da dangin ƙwayoyin. Kuma bai dace a sayi madara lita-lita saboda lambu ba alhali yara na bukatarta. Kofi biyu sun isa, tun da abin da ake amfani da shi kaɗan ne ƙwarai. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 cikin 1,000 na ruwa, wato babban cokali ɗaya a bokiti mai cin lita 15. Ruwan rijiya ko na sama ya fi. Idan na famfo ne mai kulorin, a bar shi a buɗe ya kwana. Ana zubawa a gindin shuka da yamma ko da sassafe. Amma inda amfaninsa ya fi fitowa fili shi ne a tulin taki da ɗakin kaji da turken dabbobi, domin tsaminsa yana rage warin fitsarin da ke tashi, kuma warin nan naitirojin ne ke gudu cikin iska.

Hanya ta biyu ita ce kamo ƙwayoyin daji, kuma ta fi bukatar haƙuri. Ana dafa shinkafa da ƙarancin ruwa, ta yi wara-wara ba ta caɓe ba, a bar ta ta huce. A zuba a ƙaramin akwatin katako ko kwando, ba tare da dannawa ba, a bar kashi ɗaya cikin uku na sama babu komai. A rufe da takarda, a ɗaure, a kai gindin wata tsohuwar bishiya inda ganye ya shekara yana zuba yana ruɓewa ba a share ba, kamar gindin tsamiya ko ɗorawa ko bakin kurmi. Alamar wuri mai kyau ita ce idan aka ɗaga ganyen a tarar da damshi, da ƙasa baƙa mai laushi, da wasu fararen zare-zare a jikin ruɓaɓɓen ganyen. A ɗan tona, a zaunar da akwatin, a lulluɓe da ganyen wurin, a kifa tsohon kwando ko raga a kai saboda ɓeraye da kaji, a ɗora wani abu da zai tare ruwan sama. Gara da tururuwa su ne manyan abokan gaba a wannan yanki, don haka a duba wurin da kyau kafin a ajiye. Da damina ko farkon kaka aka fi dacewa. A tsakiyar rani shinkafar bushewa kawai take yi.

Bayan kwana 3 zuwa 5 a buɗe. Idan an dace za a ga farin gashi mai laushi kamar auduga ya rufe saman shinkafar, ƙamshinta kuma bai da ɗoyi. Farin da ake gani fumfuna ce, ba bakteriya ba, amma tana nuna cewa halittun wurin sun shiga, har da waɗanda ba a gani. Ɗigon launi kaɗan ba laifi. Idan kuwa baƙi ko kore ko ruwan ɗorawa ya rinjayi farin, ko shinkafar ta narke tana wari, sai a binne ta a sake daga farko. Kore mai ɗorawa-ɗorawa musamman abin gudu ne, domin dangin fumfunar da ke lalata gyaɗa da masara ta sa musu guba haka launinsu yake. Kada a kusantar da hanci a shaƙi ƙurarta.

Shinkafar da ta yi kyau sai a auna ta, a haɗa da mazarƙwaila mai nauyi ɗaya, a cuɗa, a zuba a tulu ko kwalba, a rufe da takarda, a bar ta mako guda. Za ta koma wani abu mai kauri da duhu wanda ke ajiyuwa watanni. Mataki na gaba shi ne yawaita ta: a narka cokali ɗaya a bokitin ruwa, a yayyafa wa dusar shinkafa ko ta masara ana juyawa. Gwajin damshin da hannu ake yi. A dunƙula dusar a tafi a matse. Idan ta dunƙule, ruwa bai ɗiga ba, kuma ta warware da an taɓa ta da yatsa, to ta yi daidai. A tara ta a ƙasa tsura a inuwa, tsayinta kada ya wuce kamu ɗaya, a rufe da tattaka ko buhun algarara. Washegari ko jibi za ta ɗau zafi. Idan aka cusa hannu aka ji zafin ya fi ƙarfin a bar hannun a ciki, sai a juya tulin ya sha iska, in ba haka ba zafin zai kashe abin da ake reno. Cikin mako guda zafin zai sauka, farin zare ya ratsa dusar, ta dunƙule gutsi-gutsi. Sai a gauraya ta da ƙasar gonar da za a kai ta, rabi da rabi, a bar su kwanaki, sannan a barbaɗa a fangali tare da taki, a rufe da ciyawa, a ba da ruwa. Barbaɗa ta a fili a bar wa rana asarar dusa ce, gara a ba tumaki.

Akwai kuma abin da ba a iya renonsa a kwalbar gida, kuma abin mamaki shi ne wanda amfaninsa ya fi tabbata: Rhizobium. Ware shi daga sauran ƙwayoyi aikin ɗakin gwaji ne. Tun 1896 aka fara sayar da shi a Jamus, kuma a yau Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken suya, kusan ba ta zuba wa wakenta takin naitirojin, sai dai ta shafa wa iri ƙwayoyin kafin shuka. Saboda aikinta a wannan fanni ne aka ba masaniyar ƙasar Mariangela Hungria Kyautar Abinci ta Duniya a 2025. A Nijeriya cibiyar IITA da ke Ibadan tana yin irin wannan gari na waken suya mai suna NoduMax. Ana jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari domin garin ya kama, a cuɗa a inuwa, a bar shi ya sha iska kaɗan, a shuka a ranar cikin ƙasa mai damshi. Fakitin da ya yini a rana a tebirin mai shago ko ya wuce wa'adinsa ba shi da amfani, komai arharsa.

Wake da gyaɗa sukan sami abokan zamansu a ƙasar wannan yanki ba tare da an kawo musu ba. Waken suya shi ne mai zaɓe, ko da yake masu bincike sun fitar da ire-iren da ke karɓar ƙwayoyin gida. Manomi zai iya duba gonarsa da kansa. Idan shuka ta fara fure, a tono guda biyu ko uku a hankali da ƙasarsu, kada a fizge, a wanke saiwar a ƙirga gudajin, sannan a tsaga manyan da reza. Ciki ja ko ruwan hoda yana nufin ƙwayoyin na aiki. Fari ko kore yana nufin ba su fara ba, ko sun daina. Inda gudajin ba su da yawa, tsohuwar dabara ita ce a ɗebo ƙasa daga gonar da wake irinsa ya yi kyau a barbaɗa a ramin shuka, amma a tabbata gonar ba ta da wuta-wuta, domin irinta ƙanana ne ƙwarai kuma suna bin ƙasa. Ƙarancin fosfaras ma yana hana gudajin yin aiki, shi ya sa malaman gona ke ba masu wake shawarar takin supa, mai gudun takin zamani kuma ya nemi kashin kaji ko garin ƙashi. Yawan yuriya kuwa yana sa shukar ta daina ciyar da ƙwayoyin, tun da ta samu a sauƙaƙe.

Maganar lafiya ba a yi mata sakaci. Kwalbar da ke renon ƙwayoyi masu amfani tana iya renon masu cutarwa. Dafaffiyar shinkafar da ta kwana a waje wurin zama ce ga wata ƙwaya mai sa amai da gudawa, don haka duk waɗannan haɗe-haɗe ba na sha ba ne, ko da wani a bidiyo ya kurɓa. A ajiye su inda yara ba sa kaiwa, a rubuta suna a jiki, musamman mai mazarƙwaila wanda zaƙinsa ke jan yaro. Haɗari mafi girma yana cikin abin da wasu ke kira shayin taki, wato jiƙa ɗanyen kashin dabba a ruwa da sukari: sukarin yana yawaita ƙwayoyin gudawa idan suna ciki. Irin wannan ruwa ba a watsa shi a kan latas, kabeji, tumatir, karas, ko duk abin da ake ci ɗanye. Ƙa'idar noman da ba ruwansa da sinadarai a Amurka ta ce tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi a bar kwana 120 ga amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma ma'auni ne mai kyau ga masu lambun fadama da ke kai ganye kasuwa. Takin da aka tara ya yi zafin da ya kai digiri 55 na kwanaki, ana juya shi, ya fi aminci nesa. Tankin feshin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari kuma ba a amfani da shi. Bokiti da gwangwani mai huji sun wadatar.

Game da ko abin yana ƙara amfanin gona, binciken masana bai zo da murya ɗaya ba, kuma matashi ya cancanci a faɗa masa haka ƙarara. Amfanin Rhizobium ga dangin wake tabbatacce ne. Na haɗe-haɗen kwalba kuwa, wani wuri a ga bambanci, wani wuri a rasa. A wani gwaji na shekara 4 da aka yi a Suwizalan, wanda aka buga sakamakonsa a 2010, an kwatanta EM mai rai da wanda aka kashe ƙwayoyinsa da zafi, sai aka tarar ɗan amfanin da aka gani daga dusa da sauran kayan haɗin ya fito, ba daga ƙwayoyin ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: cokali ɗaya na baƙi yana faɗawa cikin ƙasar da biliyoyin 'yan gida suka riga suka cika, kuma sau da yawa 'yan gidan ne ke rinjaye. Inda ake sa ran ganin tasiri shi ne inda 'yan gidan suka yi ƙaranci, kamar yashin da aka cika buhu da shi don shuka a tsakar gida, ko fakon da ake son farfaɗowa, ko sabon tulin taki.

Hanyar da mai lambu zai san gaskiyar nasa wurin ita ce gwaji, kuma gwajin ba shi da tsada. A ware fangali uku masu girma ɗaya, kusa da juna, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, a ba su taki da ruwa daidai wa daida. Na farko a bar shi da taki kaɗai. Na biyu a ƙara masa dusar da aka rena. Na uku a ƙara masa dusa zalla wadda ba a sa mata komai ba, gwargwadon ta na biyu. Wannan na ukun shi ne mafi muhimmanci, domin shi zai raba aikin ƙwayoyi da aikin dusa. A rubuta ranar shuka da ranar fure a littafi, a auna girbin kowane fangali da sikeli ko da mudu ɗaya, kada a dogara da kallon koren ganye, domin ido yakan ga abin da zuciya ke so. Idan wuri ya samu, a yi kowane kashi sau biyu ko uku a warwatse, saboda wani gefen lambu yakan fi wani ƙarfi tun asali. A shekara ta biyu a sauya wa fangalan matsayi a maimaita, kafin a yanke shawarar faɗaɗa abin zuwa babbar gona.